Dokin ƙofa

Dokin ƙofa ɗan tudu ne da ake ginawa ko ake kafawa a ƙasan ƙofa, tsakanin daɓen ciki da ƙasar waje. Ana yin sa da ƙasa, ko siminti, ko dutse, ko itace, ko ƙarfe. Babban aikinsa shi ne tare ruwan sama kada ya kwararo ɗaki ta ƙarƙashin ƙyaure, sannan yana rage shigar ƙura da ƙwari. A nan ya kamata a bambanta kalmomi biyu da ake yawan haɗawa: ƙofa ita ce kafar da ake bi, ƙyaure kuma shi ne abin da ake rufe ta da shi. Ruwa yana bi ne ta ratar da ke tsakanin ƙyaure da dokin ƙofa.

Yadda ruwa ke shiga

Mafi yawan ruwan da ke shiga ɗaki ta ƙasan ƙofa ba daga sama yake faɗo mata kai tsaye ba, a ƙasa yake tahowa. Idan tsakar gida ko baranda ta gangaro wajen ƙofa, ko kuma tsayinta ya zo daidai da daɓen ɗaki, duk ruwan da ya zubo daga kwano ko indararo zai taru a bakin ƙofa har ya sami hanya. Wannan yana yawan faruwa a gidajen da aka shimfiɗa tayil ciki da waje a tsayi ɗaya don ƙawa, da kuma tsofaffin unguwanni inda aka yi ta cike layi har ƙasarsa ta fi ta gidajen tudu.

Akwai kuma ruwan da iska ke korowa. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, shi ya sa ƙofar da ke kallon gabas ta fi shan feshi. Ruwan da ya bugi ƙyaure yana gangarowa a jikinsa, idan ya iso ƙasa ba ya ɗiga nan take, sai ya manne wa gefen ƙyauren ya zagaya ta ƙarƙashi zuwa ciki. Ƙaramar rata ma ta ishe shi, domin matsattsen wuri yana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

Illar ba ta tsaya a jiƙa tabarma da katifa ba. Ƙyauren katako yana kumbura ya ruɓe daga ƙasa, danshi kuma yana jawo gara. Na ƙarfe yana tsatsa. A ginin ƙasa abin ya fi haɗari, don ruwan da ya kwanta a gindin bango yana jiƙa tubali ya raunana shi, kuma irin wannan zaizaya tana daga cikin abubuwan da ke kayar da katanga da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa.

Hanyoyin magancewa

Gyara yana farawa daga waje, ba daga jikin ƙyaure ba. Ana gyara ƙasa ta gangara nesa da gini zuwa kwata, a kuma karkatar da ruwan rufi kada ya zuba a bakin ƙofa. Ƙa'idar gine-ginen gidaje da ake bi a yawancin jihohin Amurka ta ce ƙasa ta sauka aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga jikin gini, wato kusan santimita 15 a mita 3. Ƙaramar rumfa a saman ƙofa ita ma tana rage feshi sosai.

Bayan haka sai dokin ƙofar kansa. Magini yakan ɗaga shi sama da ƙasar waje, ya shafe samansa ya karkata waje domin ruwa ya zurare baya. Idan an yi shi a shafe daidai, ko ya tsage a inda ya haɗu da bango, ruwa zai kwanta ya tsiyaya ciki duk tsayinsa.

A jikin ƙyaure kuma ana kafa ɗan katako ko ƙarfe mai karkata a ƙasansa ta waje, wanda ke jefa ruwa gaba da dokin ƙofa. Kafinta yakan yi wa katakon siririn kwari a ƙarƙashi, inda ruwa ke katsewa ya ɗiga maimakon ya zagaya. A ƙyauren ƙarfe mai walda ne ke liƙa shi. Daga ƙarshe ake saka robar da ke share ƙasa don toshe ratar da ta rage. Ita ce mafi arha, ita ce kuma mutane suka fi fara saya, amma tana tare feshi ne kawai. Ba ta iya tsayar da ruwan da ya kwanta, rana kuma tana busar da ita ta tsattsage. A ƙofar alminiyam mai turawa gefe akwai ƙananan huji a layin ƙasa da aka yi don fitar da ruwa, kuma toshe su kuskure ne.

Tsayi da sauƙin wucewa

Dogon dokin ƙofa yana da tasa matsalar. Yana sa tsofaffi da yara tuntuɓe, yana kuma hana mai keken guragu shiga. A unguwannin da ruwa ke addaba ana ganin waɗanda suka ɗora bulo guda ko biyu a bakin ƙofa, sai an tsallaka kafin a shiga. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990 sun taƙaita tsayinsa a sababbin wuraren jama'a zuwa rabin inci, kusan milimita 13, a yawancin ƙofofi. A Ingila iyakar ita ce milimita 15 a mashigar da aka tanada don kowa ya iya bi. Inda aka rage shi haka, ana haƙa siririyar magudana mai murfin raga a gaban ƙofa, ta kwashe ruwan kafin ya iso.