Ƙona Littattafai da Haƙƙin Matashi Mai Karatu: Waiwaye Daga Kano Zuwa Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin yunƙurin hana matasa karanta ƙagaggun labaran Hausa na soyayya, tun daga bayyanarsu a shekarun 1980 har zuwa ƙona su a Kano a 2007, tare da duba yadda lamarin ya shafi garuruwan kudancin Jigawa. Ta auna abin da ya faru da misalan ƙona littattafai a Andalus da Magrib, sannan ta bambance haƙƙin waliyyi da ikon hukuma a kan abin da matashi zai karanta.

1.0 Gabatarwa

Kafin ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin tsohuwar Jihar Kano. Raba jiha ya sauya hedikwatar mulki, amma bai sauya hanyar fatauci ba. Birnin Kudu tana kan babban titin da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri, Gwaram kuma tana gaba da ita ta wajen iyakar Bauchi, kuma littafin Hausa da ɗalibi zai saya a waɗannan garuruwa galibi daga maɗaba'un Kano da dillalan Kasuwar Sabon Gari yake fitowa. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke wa littafi a Kano yakan isa ga mai karatu a kudancin Jigawa, ko da dokar ba ta da iko a kansa. Wannan ne dalilin da ya sa tarihin tace littattafai a Kano ya zama tarihin waɗannan garuruwa ma.

2.0 Yadda Aka Samu Matasa Masu Karatu

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne a hannun hukuma. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma daga nan har zuwa kafa Kamfanin NNPC a Zariya a 1966, littafi ba ya fita sai edita ya duba shi, ba ya kuma isa hannun yaro sai ta hanyar makaranta. Tacewa tana nan tun farko, sai dai ba a jin amonta domin ƙofar ɗaya ce.

Abubuwa biyu suka buɗe wasu ƙofofin. Na farko shi ne shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya shigar da ɗimbin yara maza da mata makaranta. Na biyu shi ne Hukumar Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, wadda aikinta ya haɗa da yankin da ya zama Jigawa daga baya. Cikin shekaru kaɗan aka sami sabon rukuni na mutanen da suka iya karanta Hausa, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye, kamfanonin ɗab'i kuma suka koma ga littattafan manhaja kaɗai. Da marubuta suka ga haka, sai suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu.

So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ya buga a 1980, shi ya share fage. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda ya ratsa ko'ina a ƙasar Hausa. Littattafan ƙanana ne masu araha, ana fitar da su kashi-kashi, wanda bai iya saye ba ya karɓi haya a shago, kofi ɗaya kuma yakan zaga ɗakin kwanan ɗalibai har bangonsa ya yage. Jigoginsu su ne auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta, da fifita mai kuɗi a kan talaka wajen ba da aure.

3.0 Daga Muhawara Zuwa Wuta

Suka ta fara ne da alƙalami. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan rubuce-rubuce Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da zai sa su ɗore. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka kare su a shafukan jaridu da mujallu, bisa hujjar cewa suna nuna halin da al'umma ke ciki, kuma sun sa dubban mata riƙon littafi. A wajen jami'a kuwa ƙorafin ya fi zafi. Iyaye da malamai suna cewa littattafan na koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye, suna cinye lokacin karatu, wasu kuma na ɗauke da batsa. An yi ta yaɗa zancen cewa wasu 'yan mata na kwaikwayon Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, wadda ta faɗa rijiya don an hana ta wanda take so. A makarantun kwana, ƙwace irin waɗannan littattafai wajen binciken akwati ya zama abin da aka saba.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano da Jigawa a 2000, Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da shirin A Daidaita Sahu domin gyaran tarbiyya, kuma a ƙarƙashinsa ne a 2007 aka tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a, a gaban gwamna. A cikin wannan shekara, bayan wata badaƙala da ta girgiza masana'antar fim, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A 2008 hukumar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, ya kuma kawo littafinsa a duba kafin ya shiga kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta, ciki har da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, suka ƙi, aka kai ruwa rana kafin a sasanta.

Adalci ne a faɗi cewa damuwar masu hanawa tana da tushe, domin a cikin ɗaruruwan littattafan akwai na banza da na batsa. Kuskuren wutar 2007 shi ne ta yi kuɗin goro. Sunan "littafin soyayya" ya haɗa rubutun batsa da irin Wa Zai Auri Jahila?, wanda saƙonsa shi ne a bar 'ya mace ta yi ilimi, abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kira gare shi a Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

4.0 Abin da Tarihin Musulmi Ya Nuna

Malaman fiƙihu sun yi magana a kan lalata littattafan ɓata. Ibnul Ƙayyim a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya ya tafi a kan cewa babu biyan diyya ga wanda ya lalata su, kuma ƙa'idar toshe kafar ɓarna sananniya ce a mazhabar Malikiyya. Matsalar da tarihi ya bayyana ita ce wane ne zai yanke cewa littafi na ɓata ne, kuma da wane ma'auni.

A Ishbiliya, sarki Al-Mu'utadid ɗan Abbad ya sa an ƙona littattafan Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064. Wannan babban malami shi ne kuma mawallafin Ɗauƙul Hamama, littafi sukutum a kan so da alamominsa, wanda ya rufe da babi kan munin saɓo da babi kan falalar kamun kai. A 1109, zamanin Aliyu ɗan Yusuf ɗan Tashfin na daular Murabiɗun, an ƙona Ihya'u Ulumid Din na Imam Gazali a Ƙurɗuba bisa fatawar alƙali Ibn Hamdin. Da mulki ya koma hannun Muwahhidun, sai wuta ta juya kan waɗanda suka hura ta: halifa Yaƙub Al-Mansur ya ba da umarnin ƙona littattafan rassan fiƙihun Malikiyya, har da Mudawwana ta Sahnun da Nawadir ta Ibn Abi Zaid, kuma masanin tarihi Al-Marrakushi ya ba da labarin ganin haka a birnin Fas. Shi dai wannan halifa ya kori Ibn Rushd, ya sa aka ƙona littattafansa na falsafa a wajajen 1195.

A yau Ihya da Mudawwana da Bidayatul Mujtahid suna cikin ɗakunan karatun malaman ƙasar Hausa, Risala ta Ibn Abi Zaid kuwa ana karanta ta a zaurukan Birnin Kudu da Gwaram kamar sauran garuruwa. Ba a nufin daidaita Ihya da labarin soyayya, domin tazarar tana da nisa. Abin lura shi ne masu ƙonawa a kowane zamani sun yi ne da yaƙinin suna kare addini, hukuncinsu kuma ya sauya da sauyawar mai mulki. Haka ya faru a nan gida: a 2012 aka buga fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne ta Turanci a Indiya, a 2014 aka ba Ado Gidan Dabino lambar girmamawa ta ƙasa, kuma jami'o'i na ba da digiri a kan nazarin littattafan da a da ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa.

5.0 Waliyyi, Hukuma da Matashi

Shari'a ba ta san 'yancin karatu maras iyaka ga yaro ba. Hadisin da ya sanya kowane mutum makiyayi abin tambaya a kan kiwonsa ya ɗora wa uba da uwa da malami nauyin duba abin da ke shiga zuciyar ƙaramin yaro. A kan wannan ma'auni, janye littafin koyon karatu da bai dace ba daga azuzuwan ƙananan yara, kamar yadda hukumar tacewa ta Kano ta yi wa Queen Primer a 2023, ya fi sauƙin karewa, domin yaron firamare bai zaɓi littafin ba, ɗora masa aka yi.

Matashin da ya balaga hukuncinsa daban ne. Shari'a ta ɗauke shi mukallafi, ana rubuta masa lada da zunubi, kuma an umarci waliyyi ya nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Wadda aka yarda hankalinta ya isa ta amsa maganar aure tana da haƙƙin a yi mata bayani da hujja a kan littafin da ke magana a kan auren. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma ya bi tsakiya: sashe na 39 ya ba da 'yancin karɓar ra'ayi da bayani, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi domin kare tarbiyyar jama'a. Malaman hisba sun shar'anta cewa abin da za a hana ya zama munkari bayyananne wanda ba a saɓa a kansa ba, kuma kada hanin ya jawo ɓarnar da ta fi shi. Batsa ta cika wannan sharaɗi. Labarin yarinyar da ta ƙi auren dole bai cika shi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda zamani ya gwada. Littafin takarda yana da sunan marubuci da na maɗaba'a, uwa tana iya ganinsa ta buɗe. Da kasuwarsa ta ja baya, saboda tsadar takarda da takura da zuwan wayar hannu, labaran suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda ake rubutu da sunan aro, ake sayar da shafuka ta hanyar tura kuɗi, kuma batsar da ke cikin wasunsu ta zarce duk abin da aka ƙona a 2007. Yarinyar Gwaram da ke da waya ba ta bukatar dillalin Kano, hukumar Kano kuma ba ta da hanyar isa gare ta.

6.0 Kammalawa

Daular Sakkwato ta bar misalin da ya dace da wannan hali. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tarar da matan karkara cikin bori da waƙoƙinsa, sai ta tsara musu waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis su kai musu har gida ta hanyar 'Yan Taru. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa matan da suka taso da karatun littattafan soyayya suna iya rubutu mai nauyi idan an buɗe musu fage. Abin da makarantun Birnin Kudu da Gwaram, na boko da na Islamiyya, suka fi bukata shi ne ɗakin karatu mai littattafan Hausa da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, da malamin da ya karanta abin da ɗalibansa ke karantawa har zai iya nuna musu inda marubuci ya dace da inda ya kauce. Ɗalibar da aka koya wa rarrabe tsaba da tsakuwa za ta yi amfani da wannan ilimi a lokacin da take ita kaɗai da wayarta, inda babu mai binciken akwati. Allah ne mafi sani.