Tsawon Kango da Muryar Ganga a Ƙasar Arewa

Mu da ke cikin harkar ganga, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri da Dogon Dutsi, mun gaji wata magana da ya kamata a sake aunawa, wato cewa doguwar ganga ita ke da kaurin murya. A zamanin da itace kaɗai ake sassaƙawa ba a cika gwada maganar ba, domin gungumen ƙirya ne ke tsaida faɗin baki, masassaƙi kuma ya bi shi da gizago yana tsoron ragewa, tunda abin da aka sare daga itace ba ya komawa. Farin 1973 da na 1984 suka cinye manyan itatuwa, dokar gandun daji ta 1974, wadda aka sabunta a 2004, ta ƙara tsaurara sara, har gawon da ya cika kwarin Dallol Mauri ya zama abin karewa. Sai duro da gwangwanin ƙarfe suka shigo sana'ar, lissafi ya juye. Yanzu faɗi daga masana'anta yake zuwa, tsawo kuwa yana hannun maƙeri, ya yanke inda makaɗi ya nuna masa.

Wannan yankan ne ya tona gaskiya. A datse duro a rufe shi da fatar da ke kansa tun farko, a ɗaure daidai da da, muryar ba ta tashi sama yadda ake zato. Abin da ke saukar da murya shi ne faɗin baki da nauyin fata da sassaucin ɗauri. Kalangu ma ya isa shaida: kangonsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma makaɗi na matse tsarkiya a hammata ya hau da murya, ya saki ta sauka, har ya kira sunan mutum. Tambarin sarauta kuma gunjinsa daga faɗinsa ne da fatar sa mai kauri. Aikin tsawo dabam ne. Iskar da ke ciki ita ke kai bugu daga wannan fata zuwa waccan, don haka dogon kango yana neman hannu mai nauyi kafin fatar baya ta amsa, gajere kuwa yana amsa gula nan take, abin da makaɗin kokowa ke buƙata sa'ad da kiɗa ya yi sauri.

Masu ja suna cewa doguwar ganga ta fi kai amo nesa, kuma a filin gayya ko taron sarauta suna da hujja, muddin makaɗin na da ƙarfin cika ta. In ba shi da shi, nauyi kawai ya rataya a kafaɗa. Wasu kuma na ganin datse kango cin amanar gado ne. Ina girmama wannan kishi, sai dai magabata ba su bar mana ma'auni guda ba, abin da daji ya ba su suka bi. Turawa ma sun sha wannan gardama. Babbar gangar ƙafa ta kamfanoni irin su Ludwig tana da zurfin inci 14 a shekarun 1960, aka kai ta 16 da 18 a shekarun 1980 don neman tsawa, ga shi yau makaɗa da dama na kai nasu wurin kafinta a rage. Asarar da ta fi damuna ita ce ta itacen kansa, domin ƙarfe yana da wata ƙara mai kaifi da ƙirya ba ta yi, kuma babu tsawon da ke gyara ta.