Binciken ceto jijiyar gani: Ina aka kwana?

Jijiyar gani ita ce ke kai saƙon abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa. Tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, kuma duk wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tohowa.

Shi ya sa makantar da rauni a kai ko cutar hawan jinin ido suka haddasa ba ta warkewa, saɓanin yanar ido da tiyata ke kawarwa.

Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa hawan jinin ido ne na biyu wajen makantar da manya, bayan yanar ido.

Gyaran ƙwayoyin gado

A wannan hanya, ana cusa ƙwayar halitta ta gado a cikin wani bairos da aka raba shi da illarsa, sannan a yi allurarsa a cikin ido.

A shekarar 2008, masana a asibitin yara na Boston da ke Amurka sun gano cewa idan aka dakatar da aikin wata ƙwayar gado mai suna PTEN, jijiyar ganin ɓera da aka ji wa rauni takan sake toho.

A 2020 kuma, masana a Jami'ar Harvard suka ce sun maido da wani ɓangare na ganin ɓeraye masu hawan jinin ido, ta hanyar amfani da ƙwayoyin gado uku.

Sai dai tohon kaɗai bai wadatar ba. Dole ne sababbin zaruruwan su yi tafiya har cikin ƙwaƙwalwa, kowanne ya haɗu da inda ya dace, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Dashen ƙwayoyin halitta

Hanya ta biyu ita ce amfani da ƙwayoyin halitta na asali, irin waɗanda ake samu a cikin ɓargo, domin su kare zaruruwan da suka rage.

A watan Mayun 2023, likitoci a birnin New York sun yi wa wani mutum dashen ido baki ɗaya, irinsa na farko a duniya, suka kuma zuba irin waɗannan ƙwayoyi a jijiyar. Idon ya rayu, amma gani bai dawo ba.

Akwai kuma haɗari. A 2017 an bayar da rahoton wasu mata uku a jihar Florida da ganinsu ya lalace, bayan wata cibiya ta yi musu allurar ƙwayoyin da ba a tantance ba.

Likitocin ido dai na jaddada cewa abin dogaro shi ne gwajin ido da wuri, musamman ga waɗanda suka haura shekaru 40 ko masu tarihin cutar a danginsu. Maganin ɗigawa da tiyata suna rage matsin cikin ido, su kare ganin da ya saura.