Ingilishi a Adar: daga iyakar Konni zuwa ajin zana

Kun san sauran kaɗan wani yanki na jaharmu ya tashi da Ingilishi? A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, Birnin Konni ta faɗa hannun Ingila. Sai a 1904 da 1906 aka ja iyakar kudu, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Shi ke nan, lakwal ta zo mana da Faransanci, 'yan'uwanmu na Sakkwato suka bi Ingilishi.

Mu sai a kwaleji muke haɗuwa da shi, aji na farko. A 1962 'yan sa-kai na Amurka, Corps de la Paix, suka iso Nijar su bakwai, kuma koyar da Ingilishi ya kawo su. An yi kusan shekara 50 ana tafiya tare, har watan Janairun 2011, lokacin da aka sace Faransawa biyu a Yamai, Amurka ta kwashe mutanenta. Tun kafin nan dai aikin ya dawo wuyan malamanmu na gida. Wa ya manta littafin English for the Sahel? Guda ɗaya, mu uku ko huɗu a kansa, bangonsa duk ya ɗaye.

A birnin Tahoua da sauƙi. Amma ku leƙa kwalejojin karkara wajen Keita, Barmu ko Abalak. Ajin zana, sai an gama girbi a kafa shi, damina ta faɗi a watse. Mushe ɗan kwantaragi ne, albashi na makara. Yaron kuwa Hausa ko Tamajak ya sha a nono, Faransancin bai zauna ba, ga harshe na uku an ɗora masa. Ya ci jarabawar BEPC da haddar kalmomi, amma a ce ya yi cinikin albasa da Ingilishi, sai zufa. Yayansa da ya yi ci-rani a Legas, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya fi shi sakin baki.

To, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. A takarda sun zama tsara. Ɗaliban da za su cika Jami'ar Djibo Hamani gobe kuwa, da yawansu daga waɗannan azuzuwan zana za su fito, kuma har yanzu malamin Ingilishi guda ne ke zagaya kwaleji sukutum a wasu ƙauyukan.