Rumbun Hukuma da Amanar Talaka

A Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji, ba a jawabin shugabanni talaka ke auna gaskiyar hukuma ba. A bakin rumbu yake auna ta.

Bayan yunwar 1931, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka rumbun tsimi: kowane magidanci ya zuba wani kaso na hatsinsa, kuma ba a buɗewa sai da izinin hukuma. Dabarar ba ta da aibu, tun da kakanninmu sun san tsimi kafin zuwan Nasara. Abin da ya ɓata ta shi ne an raba mai hatsi da iko kan hatsinsa, har ya riƙa kallon rumbun tamkar wani haraji.

Mulkin kai bai wanke wannan zargi ba. An kafa OPVN a 1970 don tanadin cimaka, amma da fari ya tsananta sai maganar karkatar da taimakon ƙasashen waje ta cika gari. Tana cikin hujjojin da Saini Kunce ya bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da ya kifar da gwamnatin Jori Hamani. Yunwar 1984 kuwa, mutanen Maraɗi suka raɗa mata suna Ƴal Buhari, saboda rufe iyakar Najeriya da ya datse musu hanyar ciniki da cin rani. Abin lura ne: sunan shugaba suka ba ta, ba sunan fari ba.

A ganina, 2005 ce ta fi yin rauni. Iyaye mata na Gidan Rumji da Agye suna layi da ƴaƴansu a cibiyoyin likitocin MSF, alhali hatsi na nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfinsu. Gwamnati ta daɗe tana nacewa kan sayarwa da rahusa kafin ta yarda da rabon kyauta, sannan a watan Agusta shugaba Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Yaya uwar da ta binne ɗanta za ta ji wannan magana? A 2008 aka dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maraɗi.

Maƙwabtanmu ma sun san ciwon. A Oktoban 2020, jama'a sun fasa ɗakunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas, suka kwashe abincin tallafin korona da suka yi imani an ɓoye musu, duk da bayanin gwamnoni cewa rabo ake jira.