Hanauma: Gaɓar Tekun da Masoyanta Suka Kusa Kashewa

Duk baƙon da ya isa Hanauma a yau, ba zai taka yashin gaɓar ba sai ya zauna ya kalli wani bidiyo na minti 9 da ke koya masa yadda zai kama kansa a cikin ruwa. Wannan sharaɗi yana da dogon tarihi a bayansa.

Hanauma wani lungun teku ne a kudu maso gabashin tsibirin Oahu, a jihar Hawai ta Amurka. Asalinsa ramin dutse mai aman wuta ne. Da teku ta ci bangonsa ta gefe guda, sai ruwa ya kwararo ya cika shi. Sauran bangon ya tare igiyar ruwa, murjani ya yaɗu a natse, kifaye masu launi iri-iri suka yi gida a ciki.

A 1928 hukumar birnin Honolulu ta karɓi yankin daga masu kula da dukiyar gimbiya Bernice Pauahi Bishop a kan dala 1. Ɓarna ta farko daga hannun injiniyoyi ta zo: a 1956 aka fasa wani sashe na murjanin da nakiya domin shimfiɗa wayar tarho da za ta haɗa Hawai da yammacin Amurka. Bayan shekara biyar, fim ɗin Elvis Presley mai suna Blue Hawaii ya nuna wa duniya kyawun wurin.

A 1967 aka ayyana Hanauma a matsayin yankin kare halittun ruwa na farko a jihar, aka haramta kamun kifi. Sai dai dokar masunta ta tsare, ba ta ce komai a kan yawan 'yan kallo ba. A shekarun 1980 wurin yana karɓar baƙi kimanin miliyan 3 a shekara. Suna tattaka murjani, wanda halitta ce mai rai da ke girma a hankali ƙwarai. Suna watsa wa kifi burodi, abin da ya sa masu zafin nama suka yawaita, suka danne sauran. Babu wanda ya zo da niyyar ɓarna a cikinsu, amma ƙafa miliyoyi ba sa bukatar mugun nufi kafin su niƙe abin da suka taka.

Gyara ya fara ne a 1990, lokacin da hukumar birni ta taƙaita zuwan motocin kamfanonin yawon buɗe ido, ta kuma ware lokacin da za a riƙa rufe wurin. A 1999 aka hana ciyar da kifi. A 2002 aka buɗe cibiyar wayar da kai inda ake nuna bidiyon nan. Da annobar korona ta rufe gaɓar daga Maris zuwa Disamba 2020, masu bincike na Jami'ar Hawai sun tarar ruwan ya ƙara haske.

Yanzu ana rufe Hanauma ranakun Litinin da Talata, kuma baƙo yakan kama gurbi ta intanet tun kafin ya zo. Shekara 23 ke tsakanin dokar 1967 da matakan 1990, kuma a tsakanin nan ne murjanin ya fi shan wahala, a wurin da tuni yake ɗauke da sunan kariya.