Muryar da ba ta tsayawa a shingen Magama

Maƙalarmu ta wannan mako a kan rediyo take.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe iyakar Magama da ke Jibiya, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Kaya sun tsaya, amma mutanen Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi sun ci gaba da jin labarin juna ta akwatin rediyo. Sabon da aka yi da wannan akwati tsoho ne: BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Saƙon da ya taso daga Landan a gajeren zango, kafin ya iso eriya ya galabaita matuƙa. Sai na'urar ƙara ƙarfi, wato amfilifaya, ta ɗaga shi. Yadda injiniyoyi ke auna ta kuwa, sukan zuba mata siginar da suka san ƙarfinta daga na'urar gwaji, su auna abin da ya fito, su kwatanta. Ma'aunin shi ne desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell. Desibel 10 ninki goma ne na ƙarfi, 20 ninki ɗari, 30 ninki dubu.

Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa. A 1928 John Johnson da Harry Nyquist na kamfanin Bell a Amurka suka nuna cewa ɗumi kawai yana haifar da "shuu" a cikin kowace waya. A 1944 abokin aikinsu Harald Friis ya fitar da lissafin da ya tabbatar cewa amfilifaya ta farko, wadda ke kusa da eriya, ita ce mai yanke hukunci. Duk shuu ɗin da ta ƙara, na bayanta ninka shi za su yi tare da muryar. Shi ya sa murɗa ƙarar rediyo ba ya gyara tashar da ke ƙugi.

Mai son rubuta tarihin rediyo a Jibiya, ya fara da tsofaffin masu gyara da dattawan da suka saurara tun farko, tun suna raye. Majiyar farko in ta gurɓace, duk wanda ya kwafa gurɓacin zai yaɗa.

Wace tasha aka fi kamawa a gidanku lokacin ƙuruciya?